Takalmin Sonic a Gindin Kwandon Shara, da Sauran Abin da Rare Ta Ɓoye a Donkey Kong Country 2

Mai tambaya ya ce ya ga hoton ƙarshen wasan Donkey Kong Country 2. Ga Mario da Yoshi da Link, jaruman wasannin Nintendo, a tsaye kan dandamali, ga kuma jan takalmin Sonic, jarumin kamfanin Sega, a yashe kusa da kwandon shara. Abokinsa da ya gama wasan a Game Boy Advance ya rantse bai taɓa ganin wani takalmi ba, ya ce haɗin hoto ne kawai. Yana so ya san wa ke da gaskiya, kuma idan takalmin na nan, me kuma aka ɓoye a wasan.

Malam, hoton gaskiya ne, abokinka kuma bai yi maka ƙarya ba. Wasanni biyu ne masu suna ɗaya, tsakaninsu shekara tara, kuma abin da ya faru a shekarun nan tara shi ya ɗauke takalmin daga wurin. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da zauren kansa, domin yawancin masu yaɗa hoton takalmin kawai suke kallo, alhali abin da ke kan dandamalin ya fi shi nuna gwaninta.

Wasan asali ya fito a ƙarshen 1995 a kan na'urar Super Nintendo. Kamfanin Rare da ke ƙauyen Twycross a Ingila ne ya yi shi, Nintendo ta wallafa. Idan ka kayar da mugun wasan, Kaptain K. Rool, a cikin jirginsa na sama ka kuɓutar da Donkey Kong, tsohon birin nan Cranky zai kai ka wani zaure da ya sa wa suna Cranky's Video Game Heroes, inda yake auna jaruman wasannin bidiyo da nasa ma'aunin. Ma'aunin shi ne manyan sulallan zinariyar nan masu tambarin DK da ya ɓoye a cikin wasan. Guda 40 ne: ɗaya a kowane mataki daga matakai 39, na arba'in kuma sai ka sake kayar da K. Rool a ɓoyayyiyar duniyar da ake kira Lost World. A kan dandamalin, Mario ne na ɗaya da sulalla 39, Yoshi na biyu da 29, Link na uku da 19. Diddy, ɗan birin da kake bugawa da shi, yana samun gurbi gwargwadon abin da ka tara masa. Idan ka wuce Link, sai Link ya sauka daga dandamalin. Idan ka wuce Yoshi, Yoshi ya koma na uku.

Ka duba lambar da aka ba Mario. 39 cikin 40. Babu hanyar wuce shi sai ka tsince komai, kuma tsince komai ba ƙaramin aiki ba ne. Lost World na da matakai biyar, mai gadin ƙofarta, wani ƙaton kada mai kulki da ake kira Klubba, yana karɓar sulallan Kremkoin 15 kafin ya bar ka ka shiga kowane ɗaya. Sha biyar sau biyar 75, kuma 75 ɗin su ne duka Kremkoin da ke wasan, ana samunsu a ɗakunan ɓoye da wajen kayar da bos-bos. Saboda haka baƙin nan uku ba ado aka kawo su yi ba. Rare ta mai da su sikelin da zai gaya maka matsayinka ba tare da ta rubuta maka "ba ka iya ba". Yaron 1995 da ya ga Mario tsaye a samansa ya san ma'anar hakan fiye da yadda zai san ma'anar kashi 80 cikin ɗari. A ganina wannan shi ne mafi kyawun amfani da aka taɓa yi da baƙon jarumi a wasan tsalle-tsalle na wancan zamani, domin yana sa mutum ya koma ya sake bin matakan da ya riga ya wuce.

Akwai kuma ladabi a ciki. Rare kamfanin Turawan Ingila ne da aka ba aron kayan gidan Nintendo. Nintendo ta sayi kashi 25 cikin ɗari na kamfanin, daga baya ta kai shi 49, amma Donkey Kong nata ne, Mario ma nata ne. Ba za a sa ɗan birin da aka ƙirƙira bara ya take Mario haka kawai ba. Sai aka bar ƙofar a buɗe da sule ɗaya tak. Sanya Yoshi a saman Link, jarumin wasannin Zelda, kuwa, wanda masoyan Zelda har yau suke jin haushinsa, yana da sauƙin fahimta idan ka tuna shekarar. Yoshi's Island ya fito a watannin da suka gabaci wannan wasan, a 1995 ɗin, shi ne sabon kaya a kanti. Link kuwa rabonsa da babban wasa a Super Nintendo tun A Link to the Past na 1991, sai Link's Awakening na Game Boy a 1993. Wani abin lura kuma, wannan Link ɗin da kwamfuta aka sassaƙa shi mai jiki da inuwa, shekara uku kafin Ocarina of Time na 1998 ya nuna wa duniya shi a haka.

To, kwandon shara. Yana gefen dandamalin, da allo a jikinsa an rubuta "No Hopers", ma'ana waɗanda ba su da ko alamar nasara. A gindinsa abubuwa biyu ne, ba ɗaya ba. Takalmin Sonic kowa na gane shi, ja da farin ɗauri. Ɗayan kuma bindiga ce, ta Earthworm Jim, tanar nan mai sanye da rigar sararin samaniya. Mutane da yawa ba sa lura da ita.

Na Sonic ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san yaƙin Sega da Nintendo. Tun wajen 1990 Sega ke tallan na'urarta Genesis a Amurka da kiran sunan Nintendo kai tsaye, tana cewa na'urarta na yin abin da ta Nintendo ba ta iya ba. A 1991 ta fito da bushiyar nan mai gudu musamman don ta sa Mario ya zama kamar tsoho mai jan ƙafa, kuma ta ci kasuwa sosai. Donkey Kong Country na farko, a Nuwamba 1994, shi ne babban martanin Nintendo. A watan ne Sega ta fito da 32X, wani ƙarin na'ura da ake cusa wa Genesis a ka, sai tallan Nintendo ya riƙa jaddada cewa nasu wasan ba ya buƙatar wani ƙari ko faifan CD. Wasan ya sayar da kaset sama da miliyan 9. Don haka lokacin da aka zo yin na biyu, ba wanda ke kan gaba Rare ke yi wa habaici ba. Dariyar wanda ya ga ya rama ce. Ba su kaɗai ba ne ma a gidan: a wasan Uniracers na 1994, wanda Nintendo ta wallafa, idan ka rubuta Sonic a matsayin sunanka, wasan zai ƙi karɓa, ya ce sunan bai isa ba.

Na Earthworm Jim ya fi ban sha'awa, domin shi ba ɗan gidan Sega ba ne. Kamfanin Shiny Entertainment na David Perry ne ya yi shi a 1994, kuma ya fito a Genesis da Super Nintendo duka. Laifinsa shi ne ya shigo kasuwa a kakar da Donkey Kong Country ya shigo, kuma shi ma da kyan motsin zanensa ake yabonsa. A bugu na musamman da aka yi wa Sega CD a 1995, akwai wata lambar sirri da ke sa wa Jim kan Donkey Kong da kibiya ta huda shi. Masu bin tarihin wasannin nan da yawa suna ɗaukar bindigar da ke gindin kwandon a matsayin ramuwar wannan. Ga shi kuma Earthworm Jim 2 ya sake haɗuwa da su a kanti a ƙarshen 1995.

Ka lura ba a zana Sonic ba, ba a zana Jim ba, ba a rubuta sunan kowa ba. Surar Sonic mallakar Sega ce, wanda ya sa ta a kaset ɗinsa ba izini zai ji daga lauyoyi. Takalmi kuwa takalmi ne. Wanda ya gane ya gane, wanda aka yi dominsa kuma ba shi da bakin kai ƙara sai ya fara amsa cewa da shi ake. Gugar zana ke nan cikakkiya. Ni a wurina hakan ma ya fi zafi, domin kayan da aka bari a ƙasa suna sa ka tambayi kanka ina masu su, ga kuma kwandon a kusa.

Abokinka bugun Game Boy Advance na 2004 ya buga, kuma a can an share kwandon da allon da takalmin da bindigar gaba ɗaya. A farkon 2001 Sega ta sanar da daina ƙera na'ura bayan Dreamcast, ta koma yi wa kowa wasa. Kafin shekarar ta ƙare Sonic Advance ya fito a Japan a kan Game Boy Advance ɗin kanta. Abokin gaba ya zama abokin ciniki, yana kawo wa Nintendo kuɗi a kan na'urar da za a yi masa ba'ar. Ita ma Rare ɗin ta bar gida, Microsoft ta saye ta a Satumba 2002 a kan dala miliyan 375, ko da yake ta ci gaba da yi wa ƙananan na'urorin Nintendo aiki. A 2007 har wasa ɗaya Mario da Sonic suka yi tare na gasar Olamfik. Idan kana so ka nuna wa abokinka da idonsa, ku nemi bugun Super Nintendo, ko wanda aka saka a Nintendo Switch Online a 2020, wanda shi ne na asalin.

Babban baƙon da ke cikin wasan kuwa ba ya kan dandamali. Shi ne mai rabon lambar, Cranky. Shi ne ainihin Donkey Kong na 1981, goggon birin da Shigeru Miyamoto ya zana yana jefo wa Mario ganguna daga saman ƙarafan gini. Rare ba ta so ta ɗauki tsohon ta yi masa kwalliya kawai, sai ta ce wancan ya tsufa, ya yi furfura, ya koma kujera da sanda, Donkey Kong mai jan lakataye kuma zuriyarsa ne. Wani lokaci a ce jika, a Donkey Kong 64 kuma tsohon ya kira shi ɗa, ba su taɓa damuwa da daidaita wannan ba. Buɗewar wasan farko ta faɗi labarin duka ba tare da kalma ɗaya ba: Cranky na tsaye kan jajayen ƙarafan nan na 1981 yana murza garmaho, ana jin tsohon kiɗan Donkey Kong, sai matashin ya faɗo da ƙatuwar rakoda ya ture shi, wuri ya koma daji, kiɗa ya canza. Tsohon ya ɗauko gangar nakiya ya jefi rakodar.

Daga nan halinsa ya kafu, irin dattijon majalisa wanda komai ka kawo zai ce a zamaninsu ba haka ake yi ba. A wasan farko yana mitar cewa kaset mai girman megabit 32 a zamaninsa zai ɗauki wasanni sama da talatin, kuma masu kyau. A na biyu yana gaya maka a fuska cewa wannan ci gaban ba a buƙatarsa. Wannan wayo ne. Rare ta san masu suka za su ce wasan kyan hoto ne kawai, sai ta sa sukar a bakin ɗan wasanta kafin wani ya faɗa. Idan ka san haka, zauren jaruman zai ƙara ma'ana. Wanda ya ba Mario lamba ta ɗaya shi ne abokin gabarsa na farko, wanda Mario ya taɓa kullewa a keji a Donkey Kong Jr. na 1982. Ko Diddy ma akwai tarihin gida a jikinsa. Rare ta zana shi ne a matsayin sabon Donkey Kong Jr., Nintendo ta ga ya yi nisa da na asali, ta ce ko a mai da shi kamarsa ko a canza masa suna, sai suka zaɓi sabon suna. Durorin man da ke ci da wuta a matakin Oil Drum Alley na wasan farko su ma daga duron da ke ƙasan allon farko na 1981 suka samo asali.

Wurin da ya kamata ka tsaya ka ƙura ido a wasa na biyu shi ne gidan tarihin Cranky, Monkey Museum, inda yake sayar maka da shawara. Kada ka kalli tsohon, ka kalli tarkacen da ke bayansa. Akwai akwatin gem na tsaye, irin wanda ake jefa wa kuɗi, na Killer Instinct, da fastar Chief Thunder, ɗaya daga cikin mayaƙan wasan. Killer Instinct na Rare ne, ya fito a gidajen gem a 1994, aka kawo shi Super Nintendo a 1995 cikin baƙin kaset, watanni kaɗan kafin wannan. Talla ce tsagwaronta. Amma a cikin tarkacen akwai Winky kwaɗo da Expresso jimina, dabbobi biyu da ake hawa a wasan farko waɗanda aka ajiye a na biyu. Rambi karkanda da Enguarde kifi da Squawks aku sun dawo, aka kawo Rattly maciji ya karɓi aikin tsallen Winky, aka ƙara Squitter gizo-gizo. Su biyun da aka sallama sai aka jibge su a gidan tarihi shekara ɗaya kacal bayan fitowarsu. Wannan ya fi ba ni dariya fiye da takalmin, don kansu suke yi wa tsiya.

Sauran na cikin wasan ƙanana ne. A makarantar Wrinkly, matar Cranky, inda ake adana wasa, lissafin da ke kan baƙin allo duk kuskure ne, irin su 4+2=5, tunda ɗalibanta kadojin K. Rool ne. A fagen faɗan ƙarshe cikin jirgin sama, akwai ƙaton hannun gem na Super Nintendo a cikin kayan da ke baya. Duniyar farko ta wasan, Gangplank Galleon, ita ce jirgin ruwan da ka yi faɗan ƙarshe a kansa a wasan 1994, wato daga inda ka tsaya aka ɗora.

Akwai dalilin da ya sa bangon wasannin Rare ke cike da irin wannan tarkace, kuma dalilin na sana'a ne. Tim da Chris Stamper, 'yan'uwan da suka kafa kamfanin, sun zuba kuɗi a manyan kwamfutocin Silicon Graphics. A kansu ake sassaƙa komai mai jiki da haske da inuwa, sannan a ɗauki hotonsa a matse shi ya zama zanen da Super Nintendo za ta iya nunawa. Da zarar an sassaƙa Winky sau ɗaya, yana nan a ajiye. Mai tsara ɗakin Cranky ba sai ya zauna ya zana kwaɗo ɗigo-ɗigo ba, ɗauko shi zai yi ya ajiye a lungu. Ɗakin da ba ya motsi kuma hoto ɗaya ne, ko ka bar shi fayau ko ka cika shi da kaya, wurin da zai ci a kaset bai bambanta sosai ba. Shi ya sa za ka ga abubuwan nan sun taru a shaguna da ɗakuna da zauren ƙarshe, ba a tsakiyar matakai ba, inda kowane ɗigon launi ke da aikin yi.

A wasa na uku, na Nuwamba 1996, sautin ya sauya. Babu sauran zagin Sega, saura tallan gida da zolaya. Idan ka shiga kogon Wrinkly, wani lokaci ka same ta tana motsa jiki, wani lokaci tana barci, wani lokaci kuma tana riƙe da hannun Nintendo 64, ana jin kiɗan cikin fadar Peach na Super Mario 64. Na'urar ta fito a shekarar, kuma ita ce ke janye mutane daga Super Nintendo ɗin da kake riƙe da ita. Wasan da kake bugawa yana nuna maka tsohuwa ta riga ka komawa sabuwar na'ura. Link ma ya sake leƙowa, amma a baki kawai. Bazaar, ɗaya daga cikin dabbobin beyar masu shaguna, yana neman sulalla biyu kafin ya ba ka labarin wata fada. Idan ka ƙi biya sai ya ce ai makon jiya wani yaro mai suna Link ya zo da tambaya iri ɗaya, ba shi da sulallan, ya karɓi rupi 500 a hannunsa, yaron ya fita yana ƙunƙunin cewa ƙwaryar dodon koɗin da ke shagon ba irin wadda yake nema ba ce. Rupi kuɗin duniyar Zelda ne, ƙwaryar kuma ita ce wadda ake tsinta a Link's Awakening don samun takobi mafi ƙarfi. Wanda bai buga wancan wasan ba zai wuce bai san an yi magana ba.

Yana da kyau ka gwada wannan da yadda Nintendo ta Japan ke yin nata, don ka ga bambancin hali. A Super Mario Bros. 3, usur ɗin da ke tsallakar da kai duniyoyi yana busa sautin sarewar The Legend of Zelda ta 1986, guguwa ta zo ta ɗauke ka kamar yadda take yi a can. A Super Mario All-Stars na 1993 an mai da sarakunan da aka yi wa sihiri halittun wasu wasannin Mario, sarkin duniya ta huɗu ya zama Donkey Kong Jr., na ta bakwai ya zama Yoshi. A Super Mario RPG na 1996, wanda Square ta yi da Nintendo, za ka iya tarar da Link yana barci a masaukin Rose Town, Samus, jarumar wasannin Metroid, kuma a gadon baƙi na fada. Duk gaisuwa ce tsakanin 'yan gida ɗaya, ba a taɓa kowa ba. Na Rare ne ke da haƙori, kuma rabin cizon a kansu yake sauka.

Zargin da abokinka ya yi ba wauta ba ce, domin wannan fage cike yake da ƙarya. Shahararriyar ita ce ta Super Mario 64, inda mutane suka shafe shekaru suna karanta wani dusasshen rubutu a gindin mutum-mutumin tauraro a matsayin "L is real 2401", suna cewa akwai hanyar buɗe Luigi, ɗan'uwan Mario. Babu. A 2020, da tsofaffin fayilolin Nintendo suka fita, an ga surar Luigi a cikin kayan aikin wasan, wanda ya nuna an taɓa shirin sa shi, amma a kaset ɗin da aka sayar ba ya nan. Yoshi kuwa yana nan a kan rufin fadar, sai dai sai ka tara taurari 120 kafin ka isa wurinsa. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. Ka tambayi a wace na'ura, bugun wace shekara, a wane ɗaki, kuma me za ka yi ka gani da kanka. Abin gaskiya yana da adireshi, kuma kowa ya bi zai same shi. Idan aka ce sai ka yi tsalle sau ɗari biyar a daren Juma'a, ka san inda zancen ya dosa.

Idan sulallan sun gagare ka, akwai taimako a bugun asali. Ka buɗe sabon fayil, a allon zaɓen yawan 'yan wasa ka sauka kan zaɓi na ƙarshe, ka danna ƙasa sau biyar, wurin sauraron kiɗa zai fito, kuma kiɗan David Wise, makaɗin wasan, ya cancanci a zauna a saurara. Ka ƙara danna ƙasa sau biyar, wurin lambobin sirri zai fito. Y, A, Select, A, ƙasa, hagu, A, ƙasa zai ba ka rai 50. B, A, dama, dama, A, hagu, A, X kuma zai cire gangunan DK da ke dawo maka da abokin tafiya, ga mai neman wahala. Rai hamsin ɗin zai ƙare maka a Animal Antics, matakin ƙarshe na Lost World, wurin da ake tuƙa aku cikin ƙaya iska na kaɗawa hagu da dama.

Al'adar ba ta tsaya a nan ba. A Donkey Kong 64 na 1999 Rare ta cusa wasanni biyu cikakku: Donkey Kong na 1981, da Jetpac na 1983, wanda 'yan'uwan Stamper suka yi wa kwamfutar ZX Spectrum tun kamfaninsu na amsa sunan Ultimate Play the Game. A can ma ba ado ba ne, sai ka ci duka biyun kafin ka isa bos na ƙarshe, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai. Da jerin ya koma hannun Retro Studios na Texas, masu Metroid Prime, su ma suka sa nasu. A Donkey Kong Country Returns na 2010 akwai inuwar Mr. Game & Watch, wani tsohon ɗan wasan Nintendo, yana buga guduma a bayan matakin Foggy Fumes. A Tropical Freeze na 2014 jirgin Samus na maƙale cikin itatuwan Busted Bayou, sannan akwai halittar Metroid tana iyo a can baya a matakin Amiss Abyss. Wannan ta ƙarshen sai ka wuce wani wuri sannan ka juyo baya ta hanyar da za ta ci maka jini kafin ta fito, shi ya sa sai a 2018 aka gano ta, shekara huɗu bayan fitowar wasan.